Karotin Cikin Jini a Matsayin Ma'aunin Lafiyar Hanji: Nazari Daga Ƙasar Dutse

Gabatarwa

Akwai wata tambaya da takan tsaya wa likita a rai duk sa'ad da aka kawo masa ramammen yaro, ko kuwa babban mutum wanda jikinsa ke ta zubewa ba tare da wani dalili bayyananne ba. Tambayar kuwa ita ce: shin wannan mutum abinci ne bai samu ba, ko kuwa yana samu yana ci, amma hanjinsa ya kasa tsotse amfanin abin da ya ci? A ido duka biyun kamarsu ɗaya, alhali kuwa maganinsu ya sha bamban. Na farko da ya sami abinci sai ya murmure. Na biyu kuwa ko an cika masa akushi sau uku a yini, galibin abin da ya ci wucewa zai yi, har sai an gano abin da ya sami hanjin an yi masa magani. Wannan takarda za ta dubi ɗaya daga cikin tsofaffin hanyoyin da likitoci suka bi don raba waɗannan biyu, watau auna yawan sinadarin karotin cikin jini, sa'an nan ta gwada wannan ma'auni da halin rayuwar mutanen Dutse da kewayenta, domin a ga inda zai yi amfani da inda zai iya yaudarar mai aiki da shi.

Mene Ne Karotin?

Kalmar baƙuwa ce, amma tana da 'yar'uwa a bakin Bahaushe. Daga sunan karas na Latinanci aka ciro ta, kuma daga wannan tushe ne Ingilishi ya sami kalmar da Hausa ta ara ta mayar da ita "karas". Wani masanin haɗa magunguna Bajamushe mai suna Wackenroder ne ya fara tace wannan sinadari daga saiwar karas a 1831. Daga baya aka gane cewa dangi ne babba, mai ɗauke da sinadarai fiye da 600, waɗanda ake kira karotinoyid a jimlace. Su ne ke ba manja jansa, su ba mangwaro da kabewa da gwanda launinsu, su kuma rina gwaiduwar ƙwai. Suna nan da yawa cikin ganyaye irin su zogale da alayyafo da rama, sai dai koren ganyen ya rufe su. Shi ya sa in ganye ya tsufa koren ya gushe sai a ga ya koma ruwan ɗorawa. Makiyaya ma sun san abin ko da ba su san sunansa ba, gama man shanun damina, lokacin da shanu ke kiwon ɗanyar ciyawa, ya fi na rani launi.

Jikin ɗan Adam ba ya ƙera ko ɗaya daga cikinsu. Duk wanda aka samu cikin jini ta baki ya shigo, kuma a kan wannan gaskiya ce aka gina ma'aunin da ake magana a kai. Guda shida ne suka fi yawa cikin jinin mutum, kuma uku daga cikinsu jiki na iya juya su su zama bitamin A. Wanda ya fi shahara shi ne bita-karotin. Thomas Moore na Ingila ne ya tabbatar da wannan juyi a 1930 ta hanyar gwaji a kan ɓeraye, shi kuma Paul Karrer na Suwizalan ya bayyana yadda ginin sinadarin yake, aikin da yana cikin abubuwan da suka jawo masa kyautar Nobel a 1937.

Tafiyar Karotin Daga Baki Zuwa Jini

Karotin ba ya narkewa cikin ruwa, sai cikin mai. Saboda haka hanyar da maiƙo ke bi cikin jiki ita yake bi, kuma duk abin da ya tare wa maiƙo hanya ya tare masa. Da farko sai an 'yanto shi daga cikin ganye ko saiwa, ta hanyar daka da dafuwa da tauna. Shi ya sa dafaffen karas ya fi ɗanye saukin ba da abin da ke cikinsa. Sa'an nan sai ya sami mai a cikin abincin da zai narke a ciki, ko da giram 3 zuwa 5 ne kacal a ci ɗaya. In abincin ya gangara ƙaramin hanji, sai ruwan maɗaci, wanda hanta ke yi matsarmama ke adanawa, ya zubo ya farfasa man ya zama ƙananan ɗigo-ɗigo. Sai kuma wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, ta zubo da nata ruwan da ke narkar da mai. (Waɗansu masu fassara sukan kira ta saifa, amma wannan kuskure ne da ya kamata ɗaliban Hausa su kiyaye, gama saifa wata gaɓa ce dabam mai aiki dabam.) Bayan wannan duka ne bangon hanji zai karɓa. Shi kuwa bangon ba sumul yake ba. Lulluɓe yake da 'yan tsiraye masu kama da yatsu, miliyoyi, waɗanda ke ƙara faɗin wurin tsotsa. A nan ake raba wani kashi na karotin ya zama bitamin A, sauran kuma a ɗaure shi tare da mai a tura shi cikin jini.

Ke nan in aka sami karotin isasshe cikin jinin mutum, an sami shaidar cewa hanta da matsarmama da fankiriyas da bangon hanji duk sun yi aikinsu. In kuwa ya yi ƙasa ƙwarai alhali mutumin yana cin ganye da mai, to, wani daga cikinsu ya gaza.

Mai karatu na iya tambaya: me ya hana a auna bitamin A kansa? Dalili shi ne hanta rumbu ce ga bitamin A, tana iya tara na watanni da yawa. Kamar maigida ne da ke auno wa iyalinsa kwano guda kullum daga rumbu: wanda ya dubi kwanon ba zai san ko rumbun a cike yake ko ya kusa ƙarewa ba, sai ranar da aka buɗe aka tarar da wayam. Haka bitamin A na jini yake tsayawa daram har sai ajiyar hanta ta kusa ƙarewa, sa'an nan ya faɗi ƙasa da maikirogiram 20 cikin mililita 100, a fara ganin dundumi. Shi kuwa karotin ba shi da mai tsare masa ma'auni irin wannan. Ko da yake kitsen jiki na riƙe wani abu daga cikinsa, na cikin jini yana hawa yana sauka cikin 'yan makonni gwargwadon abin da ke shigowa.

Yadda Aka Yi Amfani da Shi

Tabbatacciyar hanyar gane cewa hanji ba ya tsotsar mai ita ce wadda van de Kamer da abokan aikinsa suka tsara a Holan a 1949. Sai a riƙa ba majiyyaci abinci mai ɗauke da giram 100 na mai kullum, a tara bayan gidansa duka na kwana 3, a auna man da ya fito. In ya wuce giram 7 a yini, akwai cuta. Hanyar tana da inganci, amma ba majiyyaci ba ma'aikacin ɗakin gwaji, babu mai marmarinta. Domin haka da Wenger da Kirsner da Palmer suka nuna a Amurka a 1957 cewa masu irin wannan cuta karotin ɗin jininsu a ƙasa yake, sai likitoci suka yi maraba da shi a matsayin gwajin share fage. Aikin kuwa ba wuya. A ɗebi jini da safe kafin a karya, a raba ruwansa da ƙwayoyinsa, a zuba masa wani sinadari da ke janyo mai, sa'an nan a sa cikin na'urar da ke auna kaurin launi. Bilhasali, launin ruwan ɗorawa ake aunawa.

A ƙasashen da aka tsara gwajin, jinin mai lafiya yakan ɗauki tsakanin maikirogiram 50 zuwa 200 ko fiye cikin mililita 100. Wani bincike da aka buga a Jamus a 1989 ya nuna cewa wanda ya haura 100 da wuya a same shi da cutar rashin tsotsar mai, wanda kuwa ya faɗi ƙasa da kimanin 50 akwai zato mai ƙarfi a kansa. Masu tsakani sai an ƙara bincike. A yau manyan asibitocin duniya sun fi dogara ga waɗansu gwaje-gwaje da suka fi nuna takamaiman cuta, kamar auna sinadarin fankiriyas cikin bayan gida, ko leƙa hanji da na'ura a gutsuro ɗan nama a duba. Amma waɗannan tsada gare su, kuma saboda arha ne tsohon gwajin bai mutu ba.

Gwajin a Ƙasar Dutse

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano a 27 ga Agusta, 1991, Dutse ta zama hedkwata, kuma zuwa Asibitin Rasheed Shekoni da ke cikinta, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ake tura majiyyata masu wuyar sha'ani daga Kiyawa da Jahun da Buji da Miga da sauran garuruwan tsakiyar jihar. Cewa tambayar da aka buɗe wannan takarda da ita tana da nauyi a nan, ba ya buƙatar dogon bayani. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kashi 64 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara 5 tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, alhali a Nijeriya baki ɗaya kashi 37 ne. An saba ɗora laifin wannan duka a kan talauci da rashin abinci, a wani lokaci ma a kan uwa. Amma akwai dalilin da zai sa a zargi hanji ma.

Tun cikin shekarun 1960 aka lura cewa mutanen da ke zaune inda ruwan sha da muhalli ke gauraye da ƙwayoyin cuta, tsirayen bangon hanjinsu sukan gajarce su yi kauri, ko da ba su yin gudawa. An ga haka har a jikin Amurkawa 'yan sa-kai da suka zauna a Pakistan, kuma da suka koma gida hanjinsu ya warke, abin da ya nuna cewa daga muhalli ne, ba gado ba ne. A 1991 Lunn da abokan aikinsa, masu bincike a karkarar Gambiya, suka ba da rahoton cewa lalacewar bangon hanji na iya bayyana kimanin kashi 40 cikin 100 na tauyewar girman jarirai a can. Yanayin karkarar Gambiya kuwa, da abincinta na hatsi da daminarta guda, bai yi nisa da na ƙauyukan Jigawa ba. Daɗa ga macijin ciki, da ƙwayar cutar jiyadiya da ke manne wa bangon hanji ta jawo zawo mai maiƙo da wari, da tarin fuka na hanji. Akwai kuma ciwon fankiriyas irin na ƙasashe masu zafi, mai kama matasa ya haɗa musu ciwon ciki da ciwon sukari, wanda Shaper ya bayyana a Uganda a 1960. Ita kuma cutar da alkama ke haddasawa, wadda ke share tsirayen hanji, an daɗe ana ɗaukarta cutar Turawa, har sai da aka gano a 1999 cewa tana jikin fiye da kashi 5 cikin 100 na yaran Sahrawi na Yammacin Sahara, adadin da ya zarce na kowace ƙasar Turai. Wannan abin lura ne ga jihar da ke noman alkama a kwarin Haɗejiya, kuma burodi da taliya suka shiga kowane gida a cikinta.

To, da ganin wannan jeri sai a ce gwajin karotin ya sami gida. Amma ga inda gizo ke saƙar. Gwajin ya ginu ne bisa zaton cewa wanda ake aunawa yana cin karotin kullum, rani da damina, kamar mutumin Chicago da ke sayen kayan lambu a kanti duk shekara. A ƙasar Dutse ba haka abin yake ba. Gero da farar dawa, waɗanda su ne ginshiƙin abinci, kusan ba su da komai na karotin mai zama bitamin A. Kaura, mai ciki ruwan ɗorawa, tana da ɗan abin da ba a rasa ba, amma bai taka kara ya karya ba. Dabinon da Dutse ke alfahari da shi, har aka kafa masa tashar bincike, zaƙi ne da ƙarfi, amma ta wannan fuska ba shi da wani abin kirki. Manja, wanda kusan babu abincin da ya kai shi yawan karotin, daga kudu ake kawo shi, kuma man gyaɗa da aka fi sabawa da shi ba ya ɗauke da shi. Saura miya, kuma ita ce ke bin kalandar shekara. Da damina ga ɗanyen zogale da tafasa da rama da yakuwa. Da kaka ga kabewa. Da sanyi ga karas da tumatir da tattasai daga fadamu, ga mai kuɗin saye. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, mangwaro yakan cika kasuwa har yara su ci su ƙoshi, kuma a Gambiya an auna an ga yadda lokacin mangwaro ke ɗaga karotin ɗin jinin mutanen ƙauye. Tsakanin waɗannan lokuta kuwa sai busasshiyar kuka da busasshiyar kuɓewa. Ita kuka ɗanyen ganyenta na da amfani, amma shanya shi cikin rana tsaka, da ajiye garinsa wata da watanni, na cinye mafi yawan karotin ɗinsa. Wanda aka shanya a inuwa ya fi riƙe shi.

Saboda haka yaro ɗaya, da hanji ɗaya, zai iya cin jarrabawar a watan Afrilu ya faɗi a watan Yuni. Likitan da ya ɗauki adadin 50 na littafin Turai ya ɗora a kan wannan yaro, zai iya laƙa masa cutar hanji alhali miyar gidansu ce ta sauya. Kuskure ta ɗaya ɓangaren ma yana yiwuwa, ko da yake bai kai wannan yawa ba: mai hanji rabi-da-rabi wanda ya yi mako uku yana shan mangwaro zai iya nuna adadi mai kwantar da hankali.

Har wa yau akwai zazzaɓi. Duk cutar da ta ta da zafin jiki takan saukar da karotin da bitamin A na jini na ɗan lokaci, ko da hanji lafiya lau yake, kuma an tabbatar da haka a kan zazzaɓin cizon sauro. A yankin da wannan zazzaɓi ke tsananta daga tsakiyar damina zuwa kaka, auna jinin yaro yana cikin masassara ɓata kuɗi ne. Ciwon hanta da shan taba su ma suna saukar da shi. Sa'an nan haske da zafi suna lalata karotin bayan an ɗebi jinin, don haka tilas a naɗe kwalbar a sa ta cikin sanyi nan da nan, abin da ba ƙaramin aiki ba ne a garin da zafin Afrilu kan wuce digiri 40.

Duk da haka bai kamata a yar da gwajin ba, gama yana da fuska ɗaya mai ƙarfi. Adadi mai yawa ya fi adadi kaɗan faɗin gaskiya. In aka auna ramammen majiyyaci aka sami karotin ɗinsa sama, to, an kusa wanke hanjinsa, sai a nemi dalilin ramar a wani wuri. In kuwa an same shi ƙasa, akwai dabarar da tsofaffin likitoci suka yi amfani da ita: a riƙa ba shi karotin tare da mai na 'yan kwanaki, sa'an nan a sake aunawa. In ya hau, yunwa ce. In ya ƙi motsi, hanji ne. A Dutse ba sai an nemi ƙwayar magani daga waje ba. Cokalin manja kullum, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan mai, ya isa. Shi wannan kwaɗo, in an duba, haɗi ne da masanin abinci zai yi wuya ya gyara, domin ya tara dafaffen ganye da man da zai ɗauke shi a kwano guda, kuma matan Hausa sun kai gare shi tun ba a san sunan bitamin ba.

Wani abin da ke iya ruɗa mai aunawa shi ne jan ƙwanson bitamin A da ake ɗiga wa yara 'yan shekara 1 zuwa 5 a baki sau biyu a shekara, da shuɗin da ake ba 'yan wata 6 zuwa 11, da kuma bitamin A da dokar Nijeriya ta wajabta a zuba cikin man girki da sukari da fulawa tun 2002. Duk waɗannan bitamin A ne tsantsa, ba karotin ba. Suna cika rumbun hanta, amma ba sa ƙara launin jini, don haka ba sa ɓata gwajin. Waɗanda za su ɗaga shi su ne sababbin irin da aka inganta, watau rogo mai ruwan ɗorawa da aka fitar a Nijeriya a 2011, da masara mai ruwan lemo da dankali mai jan ciki da suka biyo baya daga 2012. Aikin da ke gaban masu bincike, musamman na Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, shi ne su auna lafiyayyun mutanen yankin wata-wata har shekara ta zagayo, su fitar da ma'auni na gida, na damina dabam na rani dabam. Akwai ma ƙananan na'urori yanzu da ke auna karotin ta fatar yatsa da haske, ba tare da an huda jijiya ba, waɗanda za su sauƙaƙa irin wannan aiki a ƙauye inda iyaye ke ɗari-ɗari da ɗibar jinin yaro.

In Ya Yi Yawa

Akasin abin ma yakan faru, kuma shi ne ya fi tsorata iyaye. Yaron da aka yawaita ba shi manja ko karas ko mangwaro, tafin hannunsa da na ƙafarsa sukan koma ruwan ɗorawa, nan da nan sai a ce shawara ce, a tafi neman saiwa da jiƙo. Bambancin kuwa a ido yake. Shawara takan rina farin ido, ta kuma sa fitsari ya yi duhu. Karotin ba ya taɓa farin ido, kuma in an rage abincin launin zai gushe cikin 'yan makonni ba tare da wata illa ba. Sai dai in babban mutum ne ya zo da irin wannan launi alhali bai ci abin da zai jawo shi ba, ya kamata a duba shi ko yana da ciwon sukari, ko wani ciwon ƙoda mai zubar da sinadarin gina jiki cikin fitsari, ko kuma raunin gaɓar nan ta wuya da in ta kumbura ake kira maƙoƙo, domin ita ce ke taimaka wa jiki juya karotin ya zama bitamin A, in ta yi sanyi sai ya taru cikin jini.